RUWAN ZAFI DA WUTAR LANTARKI: JAN KUNNE GA MASU GINI A GIDA

Tirelolin da ke tasowa daga kasuwar shanu ta Potiskum zuwa Ikko da Badun da Fatakwal ba sa komawa gida wayam. Duk wanda ya tsaya a inda ake yi musu lodi zai ga abin da 'yan Arewa mazauna Kurmi ke aikawa gida: huhunan goro, da jarkunan manja, da katako, da tayil, da kwanon rufi. A 'yan shekarun nan kuwa an sami ƙarin wani kaya, watau tukunyar lantarki ta dafa ruwan wanka wadda ake kira hita. Masu hannu da shuni ma har babban bahon nan suke saye, mai ɗumama ruwa da kansa yana fesowa, wanda ake kira jakuzi.

Ba abin zargi ba ne wannan. Wanda ya san sanyin hunturu a Potiskum cikin Disamba da Janairu, ya kuma san wahalar hura wutar itace da asuba, ba zai ga laifin ɗan da ya so ya hutar da tsohuwarsa ba. Mutum ya yi shekara da shekaru yana fama a Agege ko Mil 12 ko Sabon Shagamu, in Allah ya hore masa, ai ya cancanci iyalinsa su ji daɗi. To, amma akwai wani hanzari ba gudu ba. Mai gida yana can nesa fiye da kilomita 1,000, ya aika da kaya da kuɗi, ya ce a nemo mai wayarin ya haɗa. Daga nan sai a aiko masa da hoton banɗaki yana ƙyalli, ya yi hamdala. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne abin da ke cikin bango da ƙarƙashin ƙasa, alhali kuwa nan ne rai ko mutuwar iyalinsa take.

ABIN DA YA SA BANƊAKI YA FI HAƊARI

Wutar da ke shiga gidajen Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Mutumin da hannunsa ke a bushe, yana sanye da takalmin roba, yana iya taɓa ta ta fizge shi ya tsira, domin busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai. Amma wanda ya jiƙe da ruwa da sabulu, ƙafarsa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, ya zama buɗaɗɗiyar hanya. Ana auna wutar da ke gudana da amfiya, kuma amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce. Tun daga wajen miliamfiya 10 zuwa 20 hannun mutum ke ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe. In ta haura 50 tana iya rikita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen jiki kuwa yana iya barin kusan miliamfiya 200 su ratsa shi. Ke nan ba sai da babbar wuta ake mutuwa ba. Wadda ba ta isa ta dafa shayi ba ta isa ta ɗauki rai.

Wannan haɗari bai san talaka ba, bai san mai kuɗi ba. A watan Maris na 1978 wani mashahurin mawaƙin ƙasar Faransa mai suna Claude François ya rasu a banɗakin gidansa a birnin Paris, saboda ya miƙa jiƙaƙƙen hannu zai gyara fitilar bango mai lahani. In haka ta faru a Paris, ina ga gidan da aka ja wa wuta da ragowar waya, aka naɗe mahaɗarta da leda?

Mutane da yawa suna zaton fis ko birekar da ke jikin akwatin wuta ta isa kariya. Ko kusa ba haka ba ne. Aikin fis shi ne ya tsare waya kada ta yi zafi ta kama da wuta. Fis mai amfiya 13 ba ya ko motsi sai wuta ta wuce miliamfiya 13,000. Kafin nan an daɗe da yin salati. Fis waya yake gadi, ba mutum ba.

ABUBUWA HUƊU DA BA A YIN CINIKINSU

Na farko shi ne layi na musamman. Hita mai wat 3,000 tana jan kusan amfiya 13 ita kaɗai, don haka ba a rataya ta a layin fitilu ko na fanka, ba a kuma cusa ta a soket ɗin da ake jona abubuwa da yawa. Wajibi ne a ja mata wayarta tun daga akwatin wuta, mai kaurin milimita 2.5 aƙalla, da birekarta mai amfiya 20. Babban jakuzi kuwa, mai hita da famfo a haɗe, yakan nemi amfiya 32 da waya mai milimita 6, kuma takardar da ta zo da shi ita ce alƙali. A tuna cewa a watan Afrilu zafin Potiskum yakan wuce digiri 40, cikin silin ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa, kuma waya mai zafi ba ta ɗaukar nauyin da mai sanyi ke ɗauka. Saboda haka ƙara kauri ba almubazzaranci ba ne. In bahon a tsakar gida yake, sai a yi amfani da waya mai sulke a binne ta, ba a shimfiɗa ta a inda yara ke wasa da inda ake shara ba.

Na biyu shi ne na'urar katse yoyon wuta, wadda a kasuwa ake kira RCD, wasu kuma ELCB. Ita wannan kullum tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga sun bambanta da miliamfiya 30, ta san wuta ta sami wata kafa, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Ba sabon abu ba ne. Tun cikin shekarun 1950 aka fara amfani da irinta a ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu. Sai dai a lura da rubutun da ke jikinta. Akwai mai 100, akwai mai 300, waɗannan don gobara aka yi su. Mai 30 ita ce mai tsare rai. Tana da maɓallin gwaji, kuma ya kamata a koya wa wani a gida ya riƙa danna shi lokaci-lokaci. In an danna wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta mutu. In kuma ta riƙa katse wuta da kanta, to gaskiya take faɗa: akwai yoyo. Babban ganganci shi ne a kira wani ya cire ta ya haɗa kai tsaye wai don tana damun mutane.

Na uku shi ne wayar ƙasa. Jikin hita ƙarfe ne. Ranar da sandar dafa ruwan da ke cikinta ta tsage, wuta za ta hau jikin tukunyar, ta bi bututu, ta isa kan famfon da ake murɗawa. Wayar ƙasa ita ke ba wutar hanyar zurarewa zuwa sandar ƙarfe mai rufin tagulla da aka kafa a ƙasa, don kada ta bi ta jikin mai wanka. A nan ne mutanen Yobe ke da matsala ta musamman, domin ƙasar rairayi ce, kuma busasshen rairayi ba ya karɓar wuta sosai. Sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya zama hoto a watan Maris. Dabarar zuba gawayi da gishiri da aka saba yi tana taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana wankewa, yana kuma cin ƙarfen. Abin dogaro shi ne a kafa sanda mai zurfi, ko biyu ko uku a haɗe, sannan a auna da na'ura da rani tsaka. Duk bututun ƙarfe da ke banɗakin kuma a haɗa shi da wayar ƙasa.

Na huɗu shi ne makunni. A sa shi a wajen banɗaki, ya kasance mai katse wayoyi biyu gaba ɗaya. Na jakuzi ya yi nisan mita 2 aƙalla daga ruwa, yadda wanda ke ciki ba zai kai hannu ba. Soket kuwa ba shi da mazauni a wurin wanka, balle a ce ana cajin wayar hannu a gefen baho.

JABUN WAYA DA KAYAN GWANJO

Araha ba ta ado. Kasuwanni cike suke da wayar da aka rubuta wa milimita 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe. Abin mamaki shi ne mazauna Kurmi sun fi kowa kusa da waya ta gari, domin masana'antu irin su Coleman a Jihar Ogun da Cutix a Nnewi a ƙofar gidansu suke. Wanda zai sayi hita a kasuwar Alaba, me zai hana ya sayi waya da RCD daga dila na ainihi, ya duba tambarin NIS na hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ya karɓi rasit, ya ɗora su duka a mota ɗaya? Haka nan a duba kayan gwanjo da kyau. Wanda aka ƙera don Amurka sau da yawa na bolt 120 ne, kuma bugun wutarsu 60 ne, na Nijeriya kuwa 50.

Sai maganar janareta da sola, tunda wutar gari ba ta da tabbas. Ƙaramin janareta mai wat 900 ba zai ɗauki hita ba. Babba kuma sai an sa masa akwatin sauya layi, kada wutarsa ta koma kan turakun gari ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Bugu da ƙari, a gwada RCD a kan janareta da kan inbata, domin in ba a haɗa su da ƙasa daidai ba, na'urar tana iya kasa aiki. Har ila yau kada a kunna hita alhali tankin sama ya ƙafe, domin haka ne ke ƙona sandar cikinta ta tsage.

Kada talaka ya ce wannan zance na Alhazai ne. 'Yar hitar nan da ake tsomawa a bokiti ta fi jakuzi yawa a gari sau dubu, kuma tana cikin ɗakunan 'yan ci-rani a Ikko kamar yadda take a Potiskum. Ƙa'idarta ita ce: bokitin roba, a tsoma ta kafin a jona, a zare kafin a taɓa ruwa, kada a gwada zafi da yatsa, kada a bar yara kusa. In an ɗauke wuta a zare ta nan take. Gidaje da shaguna da dama sun ƙone domin an manta da ita, wuta ta dawo cikin dare, ruwa ya ƙafe.

WA KE DA ALHAKI?

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma mai faɗin haka ba ya yarda ya ɗora shanunsa a tirelar da ba ta da birki, kuma ba ya barin shagonsa a buɗe da dare. Wasu kuma za su ce tsada. To, kuɗin RCD da sandar ƙasa da waya ta gari ba su taka kara sun karya ba in an gwada su da kuɗin tayil da fenti da ƙofar ƙarfe. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba, gara ya haƙura da hitar tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hukumomi ma suna da nasu. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, Jihar Yobe tana ƙarƙashin kamfanin YEDC mai hedkwata a Yola. A 2015 kuma aka kafa hukumar NEMSA da doka, don ta duba aikin wuta ta kuma ba masu yinsa takardar shaida. Ya kamata a tsaya kai da fata kada a jona sabon gida sai an ga shaidar an duba shi. Potiskum gari ne mai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, don haka ba a rasa waɗanda suka san aikin ba. Abin da aka rasa shi ne masu neman su. Sarakunan Hausawa da shugabannin zango a Kurmi su ma su riƙa jan kunnen jama'arsu.

Amma babban alhaki yana kan mai gida. Kafin ya biya cikon kuɗin aiki, ya nemi a nuna masa takardar shaidar mai wayarin, da hoton RCD mai rubutun 30, da sandar ƙasa tun kafin a rufe ramin, da sakamakon awo. Ya kuma gaya wa iyalinsa cewa in famfo ya fara ɗan tsikarin hannu, a kashe hita a daina wanka a wurin sai an duba. In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi. A kashe babban makunni, ko a ture shi da busasshen itace, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a garzaya da shi asibiti.

Shi mai gida sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, da Sallah. Masu shiga banɗakin kullum su ne mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su zaɓi waya ba, ba su yi ciniki da mai wayarin ba. Amana ce a wuyansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye, amin.