BYD Seagull: Motar "Dala Dubu Goma" Ta Cancanci Kuɗinka Kuwa?

Idan kana leƙa TikTok ko Facebook a 'yan watannin nan, da wuya a ce ba ka ci karo da ita ba. 'Yar ƙaramar mota ce, galibi mai launin lemon tsami. Za ka ga wani yana zagaya ta da waya a hannu, ya buɗe ƙofa, ya taɓa allon gaban direba ya juya da kansa, sannan ya saki maganar da ke tayar wa matasa tsumi: sabuwa dal, ba ta shan mai, kuma kuɗinta bai kai dala dubu goma ba. Daga nan sai tambaya ta fara yawo a majalisu da zaurukan WhatsApp: nawa za ta zo Kano?

Sunanta Seagull, ta kamfanin BYD na ƙasar Chaina, kuma da lantarki zalla take aiki. An fara nuna ta a baje-kolin motoci na Shanghai a watan Afrilun 2023, aka sa mata yuwan 73,800. A 2024 kamfanin ya sauko da farashin zuwa yuwan 69,800, wanda a lokacin bai cika dala dubu goma ba. Ka ga ke nan masu bidiyon ba ƙarya suka yi ba. Abin da ya sa zancenta ya sake tashi shi ne ta fara fita waje. Ta shiga Barazil da Meziko a 2024 da sunan Dolphin Mini, ta shiga Turai a watan Mayun 2025 da sunan Dolphin Surf, daga baya a shekarar ta sauka Afirka ta Kudu.

To amma fa wancan farashin na cikin gida ne. Ɗan Chaina ne ke sayenta haka, a ƙasar da kamfanonin mota ke ta karya farashi don su ƙwace wa juna kasuwa. Da ta tsallaka teku sai lissafi ya canza. A Barazil an fara sayar da ita a real 115,800, sama da dala dubu ashirin. A Birtaniya ta fara daga fam 18,650. A Afirka ta Kudu kuwa, wadda ta fi kusa da mu, ta fara daga rand 339,900 a 2025, wajen dala dubu 19. Ninki biyu ke nan na abin da aka faɗa maka a bidiyo. Idan ka ɗauki dala a naira 1,500, kuɗin Afirka ta Kudun ya haura naira miliyan 28.

Wani zai ce ai ni kai-tsaye daga Chaina zan yo oda, babu ruwana da wakili. To, dala dubu goman kanta naira miliyan 15 ce, kuma motar tana can ba ta motsa ba. Saura kuɗin jirgin ruwa, saura kwastam da kuɗin fito a tashar Legas, saura ɗauko ta zuwa Arewa, saura ladan dillali. Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a 2024, kuma wannan ya rage wani abu, amma bai shafe sauran ba. A ganina duk wanda ya sa ran za ta shigo hannunsa ƙasa da miliyan ashirin, ya shirya jin wani labari. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, ko da bai ci bai sha ba, sai ya shekara kusan 18 kafin ya tara miliyan 15 ɗin farko. Arhar mota a Shanghai daban, arharta a Sabon Gari daban.

Duk da haka kada a raina tunanin masu sha'awarta, domin akwai dalili. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. Mutane nawa ka sani da suka jingine mota a gida suka koma babur? Saboda haka in aka ce maka ga motar da ba za ka ƙara tsayawa gidan mai ba, dole zuciya ta raya maka wani abu.

Bari mu zauna mu yi lissafin, tunda a nan maganar take.

Ƙaramin batirin motar yana ɗaukar kimanin yunit 30 na wuta, irin yunit ɗin da kake saya a mitarka ta gida. A Chaina an rubuta cewa zai yi tafiyar kilomita 305. Da aka kai samfurin Turai, mai batir kusan girman wannan, aka auna shi da ma'aunin can wanda ya fi tsauri, sai aka rubuta kilomita 220. Ka ƙara da zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kuma ba mai iya zama a mota ba tare da kunna na'urar sanyi ba. Mu ce kilomita 200, kada mu yaudari kanmu.

Idan kana layin Band A, wanda hukumar NERC ta ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024 bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana, yunit ɗaya yana kusan naira 210. Cika batirin, har da ɗan abin da ke salwanta wajen caji, zai ci wajen naira 7,000. Raba da kilomita 200, kowace kilomita ta tashi naira 35. Ɗauki tsohuwar Corolla da ke yin kilomita goma da lita ɗaya a cunkoson gari, fetur a ce naira 900: kowace kilomita naira 90. Ribar mai lantarki naira 55 ke nan a duk kilomita. Ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ribar tana taruwa ne gwargwadon tafiyarka. Ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana, gida zuwa ofis zuwa majalisa, kwana 300 a shekara, ya yi kilomita dubu 12. Abin da ya tsira da shi naira dubu 660. Ƙara masa kuɗin juyen baƙin mai da fulogi da tace-mai da ba zai ƙara saya ba, mu ce dubu 800. Yanzu a ce ya samu Seagull a miliyan 22, ga kuma Corolla 'yar Kwatano mai lafiya a miliyan 12. Tazarar miliyan goman nan sai ya shekara 12 da ɗoriya kafin ya mayar da ita. Garantin da BYD ke bayarwa a kan batir, a ƙasashen da yake da wakilai, shekara takwas ne. Ka ga garantin zai ƙare bashi bai fita ba.

Ga mai haya kuwa labarin ya sha bamban. Wanda ke ɗaukar fasinja ta manhaja, ko mai kai saƙo, da ke cin kilomita 150 a rana, a shekara zai tsira da kusan naira miliyan biyu da rabi. Cikin shekara huɗu ya rufe tazarar. Shi ya sa kusan ko'ina a duniya 'yan tasi ne ke fara rungumar irin waɗannan motocin. Ko a nan gida, Maiduguri ta riga kowa a Arewa: a Disambar 2023 aka ƙaddamar da motocin haya na gwamnatin Borno da suka haɗa da tasi masu lantarki. Amma lura, gwamnati ce ta saya, ita ke da wurin cajin, ba direba ne ya kai motar gida yana jiran a kawo wuta ba.

Kuma a nan gizo ke saƙar. Duk lissafin naira 35 ɗin nan ya rataya ne a kan wuta. Da soket na gida, motar tana shan kimanin yunit biyu a awa, wato cika ta daga ƙasa zai ɗauki wajen awa 15. Idan ka kafa cajar bango ta musamman zai sauko zuwa awa biyar, amma sai wayarin gidanka da tiransifomar unguwarku sun iya ɗauka. Wanda ba ya Band A yana biyan kuɗi kaɗan a kan yunit, gaskiya ne, sai dai wutar da ake kawowa ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba ba za ta kai shi ko'ina ba. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. A waɗancan kwanakin cajin waya ma sai da aka yi layi. Ka ƙiyasta wanda abincinsa ke kan motar da sai an yi mata caji.

"Ai sai in tayar da janareta." To, ƙaramin janaretan fetur yana ba da kimanin yunit biyu ne a kan lita ɗaya. Cika batirin zai sha wajen lita 15, ka yi kilomita 200 da su. Kilomita 13 ke nan a lita. Ka sayi motar miliyan ashirin da wani abu don ka dawo kusa da inda mai Corolla yake, ga ƙara ga hayaƙi, maƙwabta na tsine maka cikin dare.

Sola ce amsar da ta fi ma'ana, kuma Allah ya hore mana rana. Tafiyar kilomita 40 tana buƙatar yunit shida ne kacal, faranti huɗu manya za su iya samar da haka a yini. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan farantan, motar tana wurin aiki. Sai ka tanadi batirin gida da inbata mai ƙarfi da za su ajiye wutar zuwa dare, wannan kuma wasu miliyoyin ne da ba a faɗa a bidiyo. Wanda ya riga ya kafa babbar sola a gida ko a shago, shi kam ya ci rabin hanya.

Tafiyar nesa ba sai mun daɗe a kanta ba. Kano zuwa Zariya za ta je. Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, da ƙaramin batir sai da addu'a. Abuja kuwa, wadda ta haura kilomita 400, ko babban batirin ba zai kai ka ba sai ka tsaya caji a hanya, kuma a wane gari? Motar birni ce, masu ita ma ba su ce ta wuce haka ba. Kujerunta huɗu ne a samfurin Chaina da na Turai. Ranar Sallah, in Hajiya ta ce a kai ta gaishe-gaishe da ƙannenka uku, sai wani ya bi Adaidaita.

Akwai abin da na fi jin tsoro fiye da wuta, shi ne ranar da ta lalace. A gaskiya motar lantarki ba ta da tarkacen da ke yawan ba da matsala: babu injin da zai buga, babu salansa, birki ma yana daɗewa. Amma hanyoyinmu ba sa tambayar irin injinka. Rami zai ci ƙafa, ɗan acaɓa zai fasa fitila, wani zai goge maka ƙofa a shataletale. Mai Corolla ko Golf ya shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kafin la'asar ya fito da kayan, sabo ko na hannu. Mai Seagull sai ya jira jirgi. Batirin kuma a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, ita ce mafi tsadar abin da ke jikinta, kuma ba aikin bakaniken bakin titi ba ne. Wutar da ke ciki tana kisa. Duk wanda ya ce maka "kawo mu gwada", ka ɗauke motarka ka gudu.

Sannan a kula da wace Seagull ake magana. Wadda hukumar gwajin haɗurra ta Turai ta ba tauraro biyar a 2025 ita ce Dolphin Surf, wadda aka ƙara wa tsawo aka gyara don dokokin can. Wadda dillali zai ɗauko maka daga kasuwar cikin gidan Chaina ba ita ba ce. Bakin cajarta ma irin na Chaina ne, ya bambanta da na Turai, don haka in ka je wurin cajin kuɗi sai ka tabbatar ya dace ko ka nemi mahaɗi. Wani ɓangare na manhajarta da yarensu yake. Garanti kuwa, wanda ya bi ta bayan gida ba shi da wurin kai ƙara. BYD ya shigo Najeriya a hukumance a 2025 ta hannun rukunin CFAO a Legas, inda ya fara da manyan yayyenta, Atto 3 da Dolphin. Wannan ci gaba ne, amma Legas ba nan kusa ba ce ga wanda motarsa ta tsaya a Gusau.

Kada kuma mu manta yadda muke kallon mota a nan. Ga yawancinmu mota asusu ce. In aure ya taso, ko rashin lafiya, ko jari ya karye, ita ake fara kaiwa bakin titi a ɗora mata galan. Toyota kan tafi cikin kwanaki, wani lokacin ma da riba saboda faɗuwar naira. Motar lantarki ta hannu fa? Mai saye zai fara tambayar lafiyar batir, kuma ba shi da hanyar tabbatarwa. Ga shi kamfanin da kansa yana rage kuɗin sabuwa yana ƙara mata kaya kusan duk shekara, abin da ke karya darajar wadda ke hannunka.

Ni dai ga inda na tsaya. Motar ba ta da laifi, ta yi abin da aka ƙera ta don shi, kuma ta girgiza manyan kamfanonin duniya har Amurka ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarkin Chaina a 2024. Idan kana da wuta tsayayya ko babbar sola, zirga-zirgarka a cikin gari take kuma tana da yawa, akwai wata motar a gida don tafiyar nesa, sannan ka samu mai sayarwa da zai ba ka garanti a rubuce da adireshin gareji, saye ta ba wauta ba ne. Kamfanin kai saƙo ko mai motocin haya da zai sayi biyar ya kafa musu wurin caji, shi ya fi kowa cin moriya.

Amma idan kai matashi ne da ka shekara huɗu kana tari, kuma wannan ce motarka ta farko, ita ce ta ƙarshe zuwa wani lokaci, ban ba ka shawara ba. In tsadar fetur ce ta dame ka, ka tambayi kuɗin mayar da ƙaramar mota mai lafiya zuwa gas ɗin CNG, bayan ka duba ko akwai gidan gas ɗin a garinku. In kuma zuciyarka ta nace sai Seagull, kafin ka tura wa dillali ko sisi, ka samu littafi ka riƙa rubuta awa nawa wuta ke zama a gidanku kowane dare, har tsawon wata guda. Idan yawancin darare ba ta kai awa shida a jere ba, bar kuɗinka a inda suke.