Mari Ba Magani Ba Ne

Da wuya a sami ɗayanmu da bai san wani gida ba inda aka kulle mutum a ƙuryar ɗaki, ƙafa cikin mari, wai iskoki sun shafe shi. In ya ce yana jin muryoyi, sai turare da bulala. Alhali kuwa tun 1952 likitoci a Faris suka tabbatar da amfanin maganin nan Largactil ga masu taɓin hankali.

Binciken wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, ya kuma jawo masu maganin gargajiya jiki. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin majinyata a ƙasashe tara, ta tarar na Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na Turai samun sauƙi. Har yau masana na gardama kan dalili.

Abin da ya dame mu shi ne gano ciwon. Ba a ganinsa a awon jini, da hira likita ke gane shi, yawancin tambayoyin kuwa da Turanci aka tsara su. Ƙaƙa za a bambance mai jin muryoyi da wanda ke ba da labarin mafarkinsa, in tafinta ne a tsakani? Muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen likitanci da na Hausa su haɗa kai kan wannan aiki. Gwamnatocin jihohi kuma su aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, su soma da kwance marin.