Ƙwayar ɗaga al'ada ba goro ba ce da ake miƙa wa maƙwabciya



Da watan Sha'aban ya kama, saƙo iri ɗaya ke zagaya zaurukan WhatsApp na matanmu a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12: ga sunan ƙwaya, a sha ta a yi azumi cif babu fashi. Haka ake yi in Hajji ya matso, haka in an sa ranar biki. Wadda ta turo saƙon ba ta san jinin wadda za ta karanta ba, ba ta san ko tana shayarwa ba, ba ta san ko ta taɓa ciwon ƙafa ba. Muna kira da a daina wannan ɗabi'a, kuma ga hujjarmu.

Ɗaga al'ada da magani abu ne mai yiwuwa, likitoci sun san shi. Malamai da dama sun halatta shi bisa sharaɗin kada ya cutar. To wannan sharaɗin ne ake tsallakewa. Wa zai tabbatar babu cutarwa? Yaron kemis da ke miƙo magani ta taga, ko ƙawar da ta ce ita ta sha bara lafiya lau?

Abin da ake kira "ƙwayar" ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wadda katinta ke ɗauke da ƙwaya 28: guda 21 masu aiki, guda 7 masu wani launi daban waɗanda babu sinadarin a ciki. A kwanakin guda 7 ɗin nan ne jini ke zuwa. Macen da dama take kan wannan ƙwaya, in ma'aikaciyar lafiya ta amince, tana iya tsallake guda 7 ɗin ta shiga sabon kati kai tsaye, jinin ya jinkirta. Tana iya rage kwanakin hutun, amma ba a ƙara su. Hutu in ya wuce kwana 7 kariya ta tafi, ciki na iya shiga. Ita kuwa wadda ta fara sha ranar da aka ga wata, ta makara: a watannin farko ɗigon jini ya fi yawa.

Akwai ta biyu mai sinadari ɗaya, wadda ake yawan ba masu shayarwa. Ita kullum ake shan ta babu hutu, don haka babu abin da za a tsallake. Wadda ta ninka ta don ta ji an ce tana tsayar da jini, jikinta kawai take wahalarwa.

Akwai kuma norethisterone, wadda aka fi sani da Primolut N. Likita kan rubuta ta a sha sau 3 a rana, a fara kwana 3 kafin ranar da ake tsammanin al'ada, jini ya dawo kwana 2 ko 3 bayan an daina. Don gajeren lokaci ake ba da ita, kuma a wannan tsarin ba ta hana ɗaukar ciki. Mata nawa ne aka faɗa wa haka? Maganin da aka tsara a rarraba shi cikin yini, mai azumi ta cusa shi tsakanin buɗa-baki da sahur bisa shawarar kanta, sannan ta ja shi wata guda cur. Mafi muni shi ne masu haɗiyar Postinor-2 don wannan buƙata. Maganin gaggawa ne na hana ciki, abin da zai yi wa al'ada shi ne ya rikita mata lissafi.

Babban haɗarin shi ne daskarewar jini a jijiya. Gudan jini kan fara a ƙafa, in ya ɓalle ya toshe huhu, ana iya rasa rai cikin ɗan lokaci. Ga mafi yawan mata masu lafiya haɗarin ƙarami ne. Amma ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido, da wadda jininta ya taɓa daskarewa ko ta yi shanyewar ɓarin jiki, da mai sankarar nono, da mai jego ɗanye, da wadda ta haura shekara 35 tana shan taba. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mace na yawo da shi shekaru ba ta sani ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na sama da awa 4 yana ninka haɗarin daskarewar jini. Jirgin Legas zuwa Jidda ya wuce haka. Ku haɗa da zafin Makka da ƙarancin shan ruwa, sai ku gane me ya sa muke ɗaga murya.

Ko ta fuskar ibada ma, cinikin kan ƙare da asara. A mazhabar Malikiyya ko ɗigo ɗaya ne ya fito a kwanakin haila, haila ce. Macen da za ta sha azumi 6 ta rama hankali kwance, sai ta wayi gari yau ɗigo, gobe tsarki, jibi ɗigo, ta ƙare watan tana wanka tana kokwanto. Garin neman gira an rasa ido.

Mu maza kuma da namu laifin. Akwai maigidan da ke yi wa iyalinsa gori a kan azumin da ta sha, akwai angon da ke aika kuɗin ƙwaya kafin a kai amarya. Haila ba gazawa ba ce. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, haila ta zo mata a hanyar Hajjin bankwana har ta yi kuka, Manzon Allah (SAW) ya lallashe ta, ya umarce ta da yin duk abin da alhaji ke yi ban da ɗawafi har ta yi tsarki. Shari'a ta ɗauke wa mai haila sallah, ta ba ta damar rama azumi, ta yafe mata ɗawafin bankwana. Sauƙin da Allah ya yi, wane ne mu da za mu mai da shi abin kunya?

Mun yarda akwai buƙata ta gaske. Hajiyar da ta yi shekaru tana tara kuɗin kujera, ga ɗawafin Ifada wanda Hajji ba ya cika sai da shi, ga ranar jirgi da ba ya jiran kowa, tana da dalilin neman ɗaga al'adarta. Irin ta ce ta fi cancantar ganin likita tun da saura wata 2 ko 3, a gwada jininta, a zaɓa mata abin da ya dace da jikinta.

Za a ce asibiti akwai layi, akwai kunya, kuma da Yarbanci ko Turanci ake magana. Gaskiya ne, shi ya sa kemis ɗin ɗan uwa Bahaushe ya fi sauƙin shiga. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙananan asibitocin gwamnati suna da sashen tsarin iyali, galibi mata ne ke zaune a wurin, gwajin hawan jini kuma bai wuce 'yan mintuna ba. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce magungunan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta. Matsalar harshe kuwa tamu ce, mu za mu warware ta: muna roƙon ɓangaren mata na ƙungiya ya fitar da masu jin Yarbanci da Turanci da za su riƙa raka 'yan uwa, su kuma riƙe sirri.

Masu kula da zaurukan WhatsApp, duk saƙon da ya ambaci sunan ƙwaya da yadda ake sha, ku goge shi. 'Yan uwanmu masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku tura mace asibiti kafin ku karɓi kuɗinta. Malamanmu, in an yi muku tambayar a wurin tafsiri, ku faɗi halaccin tare da sharaɗinsa. Magidanta, ku biya kuɗin mota ku bar gori. Ke kuma 'yar uwa da kika riga kika fara sha, in kin ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi na yankewa, ko kai ya sara irin yadda bai taɓa ba, ki bar komai ki nufi asibiti a wannan lokacin.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya, ya karɓi ibadunmu.

Sakataren ƙungiya