Zaɓen NFL: Shin ana zuzuta ƙartin sahun tsaro fiye da ƙima?

Duk watan Afrilu, idan ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ta ƙwallon Amurka suka zauna zaɓen sababbin ƴan wasa daga jami'o'i, gardama ɗaya ce ke dawowa: shin ƙartin da ke sahun gaba na tsaro sun cancanci matsayin da ake ba su, ko kuwa ruɗin ido ne? Ƴan Nijar mazauna Greensboro ko New York, waɗanda wannan wasa ya riga ya shiga jininsu, sun san yadda musun yake zafi.

Ga wanda bai saba ba, aikin waɗannan ƙarti shi ne su ture masu gadi, su kai ga mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, su kayar da shi kafin ya jefa. Kusan kokawa ce, sai dai da hular kwano. Ana ƙirga kowace kayarwa, idan biyu suka haɗu a kai a ba kowa rabi. A zaɓen kuma zagaye 7 ake yi, ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka, don haka kuskure a nan yana iya cin shekaru ana biyan sa, wani lokaci har da kujerar koci.

Masu cewa ana zuzutawa suna da hujja a hannu. A 2008 New York Jets ta ɗauki Vernon Gholston a matsayi na 6, ya yi shekara uku bai kayar da kwatabak ko sau ɗaya ba. A 2019 Raiders ta ɗauki Clelin Ferrell a na 4, sannan a zagaye na huɗu, bayan an wuce mutum sama da 100, ta ɗauki Maxx Crosby. Crosby ne ya zama tauraron ƙungiyar, Ferrell kuwa ya tafi ba a yi kewarsa ba.

Shekarar 2014 ce ta fi koyar da darasi. Jadeveon Clowney ya shigo zaɓen da suna kamar ya riga ya ci kofi, musamman saboda wani bidiyo na watan Janairun 2013, inda ya bangaji ɗan wasan jami'ar Michigan har hularsa ta tashi sama. An yi ta maimaita hoton a talabijin ba iyaka. Houston ta ɗauke shi a na ɗaya. Ba a ce Clowney ya lalace ba, ya daɗe yana wasa kuma ya yi amfani, amma har zuwa kakar 2024 bai taɓa kayarwa sau 10 a kaka guda ba. A wannan shekarar aka bar Aaron Donald har zuwa na 13, ana cewa ya yi gajere, tsawonsa kusan mita 1,85. Shi ne ya ci kyautar gwarzon mai tsaro sau uku, a 2017 da 2018 da 2020, ya kuma ɗauki Super Bowl da Rams a Fabrairun 2022. Duk mai bin gasar takobi ta ƙasa ya san ba mai faɗin ƙirji ne kullum ke kayarwa ba.

To amma daga nan zuwa cewa sahun tsaro bai cancanci manyan gurabe ba, akwai nisa. Dubi Super Bowl na Fabrairun 2025: Philadelphia ta doke Kansas City da ci 40 da 22, ta kayar da Patrick Mahomes sau 6, kuma da mutum huɗu na gaba kawai ta yi aikin, sauran bakwai suna baya suna rufe hanya. Mahomes, wanda ake yi wa kallon wanda ba a iya riƙewa, ranar bai samu numfashi ba. Philadelphia ta shekara biyu tana zuba zaɓenta na zagayen farko a wannan sahu, Jordan Davis a 2022, Jalen Carter da Nolan Smith a 2023. Sai dai a lura: waɗanda suka fi kayarwa a daren su ne Josh Sweat, ɗan zagaye na huɗu, da Milton Williams, ɗan zagaye na uku.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda masu suka ba sa son ji. Tun 2011 albashin sababbin shiga a ƙayyade yake. Travon Walker, na ɗaya a 2022, ya sa hannu a kan dala miliyan 37 da ƴan kai na shekara huɗu. Myles Garrett kuwa, a sabuwar kwantiraginsa ta Maris 2025, dala miliyan 40 yake samu a shekara ɗaya. Ƙungiyar da ta dace da gwani a zaɓe ta samu kaya mai tsada a farashin gwanjo, shi ya sa ko an sha faɗuwa ake sake gwadawa.

Abin da ake zuzutawa, a gaskiya, jiki ne. Kowace shekara ana tara matasan a Indiyanapolis ana auna tsawon hannu, da tsalle, da gudun yadi 40, babu abokin karawa a gabansu. Walker, mai nauyin kilo 123, ya yi gudun cikin daƙiƙa 4,51, sai kowa ya rikice. A shekara uku a jami'ar Georgia kayarwarsa 9 da rabi ce kacal, alhali Aidan Hutchinson ya yi 14 a kakarsa ta ƙarshe kaɗai a Michigan. Jacksonville ta zaɓi Walker, Detroit ta ɗauki Hutchinson a na biyu da murna. Adalci ne a ce Walker ya farfaɗo, ya kai 10 a 2023 ya kuma wuce ta kaɗan a 2024. Amma Hutchinson ya riga ya yi 7 da rabi cikin wasa 5 a 2024 kafin ya karye a ƙafa, kuma da wuya a samu mai bin wasan da zai ce Jacksonville ce ta fi dacewa.

Garrett da Nick Bosa, na ɗaya a 2017 da na biyu a 2019, sun nuna cewa idan jiki da aikin fili suka haɗu, ba a asara. Inda ƙungiyoyi ke tuntuɓe shi ne idan ɗaya ya ɓace suka cike gurbin da fata. A 2017 ɗin nan San Francisco ta ɗauki Solomon Thomas a na 3, aka bar T.J. Watt har zuwa na 30. A 2021 Watt ya kayar sau 22 da rabi a kaka guda.