Daina lafta sleep a gwajin manhajarka

Ɗan uwa mai koyon Python, ko a ABU Samaru kake ko da Termux kake yi a wayarka, wannan naka ne.

Ka rubuta gwajin da zai kunna sabar da subprocess.Popen, sannan ya aika mata saƙo. Yau ya wuce, gobe ya faɗi, alhali ko harafi ba ka taɓa ba. Dalili? Popen ba ya jira. Da ya tada shirin sai ya dawo, gwajin ya riga sabar shiryawa. Rige-rige ke nan. Kar ka raina shi: irinsa a manhajar ƙararrawa na cikin abin da ya jawo ɗaukewar wuta a Amurka da Kanada a Agustan 2003.

Yawancinmu sai mu lafta time.sleep(2) mu ce shi ke nan. Ni dai ban yarda ba. Kamar ka ce keke daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari kullum minti ashirin ne. To ranar da Kwangila ta cushe fa? Kwamfutar malamin da zai duba aikinka ba lallai ta kai taka sauri ba.

Ka jira alama ta gaskiya. Gwajin ya riƙa ƙwanƙwasa port ɗin har sabar ta amsa, amma da iyakar lokaci, kar ya maƙale. In an gama, terminate() sannan wait(). In ba haka ba shirin zai riƙe port ɗin, gwaji na gaba ya faɗi ba laifinsa.