Ɗacin Dogonyaro Ba Ya Korar Kowane Ƙwaro

Duk wanda ya san ƙasar Gobir, daga Isa har Sabon Birni, ya san babu itacen da ya cika gari da bakin kasuwa kamar dogonyaro. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, a Barno aka fara dasa shi a Nijeriya cikin 1928, amma yau a inuwarsa almajirai ke biya allo, fatake kuma su sauke kaya.

Dattawa sun daɗe da lura fara ba ta cin ganyensa. Wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga haka a Sudan cikin 1959, sa'ad da fara ta cinye ganyen itatuwa ƙarƙaf ta bar dogonyaro kore shar. Cikin 1968 masana a Ingila suka tsamo sinadarin da ke jawo haka daga 'ya'yansa, suka sa masa suna azadiraktin. Shi ke hana ƙwaro ci, in kuwa ya ci, sai ya kasa saɓa, ya mutu bai girma ba. Lalle wannan hikima ce ta Ubangiji.

To, amma kuskure ne mutane su ɗauka wannan itace ya fi ƙarfin kowace annoba, har su sare na gado su bar shi kaɗai. Cikin shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai ɓawo, wanda ke manne wa ganye yana tsotse ruwansa, ya auka wa dogonyaro a kewayen Tafkin Cadi, ɗacin bai kore shi ba, itatuwa da yawa suka bushe. Garin da ba shi da wata inuwa sai ta dogonyaro, ina zai sa kansa ranar da irin wannan ta zo?

Balle ma akwai aikin da dogonyaro ba ya yi. Gawo yakan zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa. Da bagaruwa majema ke jeme fatar jar akuya, da aduwa ake sassaƙa allo. Ya kamata malamai su faɗi wannan a majalisinsu, attajiri kuma in zai dasa itace sadaka a bakin Gulbin Rima, kowane dogonyaro ya haɗa shi da gawo ko tsamiya.