'Yarku Da Aka Ba Fiziks Ko Kemistiri Tana Buƙatar Jagora

Yau zan ɗan ajiye batun yadda ake shan magani, in yi magana da ku iyaye da mazaje a kan 'ya'yanku mata, musamman waɗanda suka nemi karatun likita, jami'a ta ba su fiziks ko kemistiri. A gidaje da yawa ana karɓar irin wannan labari kamar na rashi. Sai a ce ta riƙa zuwa haka nan kafin ta sake rubuta JAMB, daga nan kuma kowa ya kau da kai daga karatun nata. A ganina wannan kuskure ne da mu majinyata da ma'aikatan asibiti muke biyan kuɗinsa daga baya.

Ku dubi kwalbar maganin da nake miƙo muku ta tagar ɗakin magani. Ni kaina ban san abin da ke cikinta da idona ba. Na amince da rubutun jikinta ne domin wani masanin kemistiri ya auna ta. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori da ya gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol, a 2022 kuma irin wannan guba a cikin maganin tari ta hallaka yara kusan 70 a Gambiya. Sinadarin ba shi da launi, kusan ba shi da wari, yana da ɗan zaƙi a baki, amma yana kashe ƙoda. Babu uwa ko likitan da zai gane shi da kallo, sai an kai shi ɗakin gwaji irin na hukumar NAFDAC da ke Kaduna ko Yaba. Haka abin yake a sashen gashin cutar daji na asibitocin koyarwa kamar na Shika da na Sakkwato. Likita ne ke rubuta yawan hasken da za a haska wa ƙarin, amma masanin fiziks na asibiti ne ke auna na'urar, ya tabbatar abin da ta fitar bai gaza ba, bai kuma ƙona naman da ke lafiya ba. Da yawa daga cikin masu kwanciya a ƙarƙashin wannan na'ura mata ne masu cutar dajin mama ko na bakin mahaifa, kuma kun fi ni sanin yadda matanmu ke sakin jiki idan mace ce a kansu. Ko maganin zazzaɓin cizon sauron da ke gidanku, tushensa sinadarin atemisinin ne, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta jagoranci tace shi daga ganyen tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

To me ke sa ɗaliba mai hazaƙa ta sare a wannan fanni? Ba kasafai ƙwaƙwalwa ke gazawa ba. Kaɗaici ne. Mai karatun likita tana da goggo ma'aikaciyar jinya ko maƙwabci likita da za ta tambaya. Mai karatun fiziks kuwa, sau da yawa babu ko mutum ɗaya a danginta da ya san abin da ake yi da digirin, a ajinsu ma mata ba su da yawa. Idan ta faɗi jarrabawa ɗaya a shekara ta biyu, babu mai ce mata wannan darasin ya kayar da na gaba da ita kuma sun tashi.

Shi ya sa nake ganin abin da ta fi buƙata, bayan kuɗin makaranta, shi ne yaya a cikin fannin: malama, ko ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ko ɗalibar digiri na biyu da ta riga ta taka hanyar. Akwai abubuwan da ba a rubuta su a littafi, kuma yarinya ba za ta iya tambayar malami namiji ba. Ita ce za ta gaya mata ta cusa hijabinta a cikin farar rigar aiki, ta kuma zaɓi na auduga, domin yadin roba yana narkewa ya manne a fata idan harshen wuta ya lashe shi. Ita ce za ta ce mata, in ta samu juna biyu, kada kunyar fari ta sa ta ɓoye wa mai kula da ɗakin gwaji, domin sinadarai irin su benzin da kulorofom da gishirin dalma da zaiba ba abin shaƙa ko taɓawa ba ne ga mai ciki, tun ma a watanni ukun farko da ake halittar gaɓoɓin jariri. Ana iya canza mata aiki ba tare da ta rasa zangon karatu ba. Ita ce za ta nuna mata inda ya kamata ta nemi horon SIWES, kada ta ƙare a ofishin da za a sa ta jera fayil wata shida. Idan kuma wani ya fara kiranta a waya da dare yana yi mata zancen maki, wannan yayar ce ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba tare da yarinyar ta tozarta ba.

Kada ku ce irin waɗannan mata sai Turai. Deborah Ajakaiye ta yi digirinta na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma a 1980 ta zama mace ta farko farfesar fiziks a Afirka. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero sai da ta yi aure ta haihu kafin ta shiga jami'a tana da shekara 29, a 2015 kuma ta karɓi lambar yabo ta duniya kan bincikenta na yanayin sararin samaniya. Akwai ma ƙungiyar OWSD mai hedikwata a birnin Tiriyeste na Italiya, wadda ke ba matan ƙasashe masu tasowa tallafin karatun kimiyya mai zurfi. Ɗalibar da ba ta da mai nuna mata hanya tana iya gama jami'a ba ta taɓa jin sunanta ba.

Jagora kuwa ba ta ɗauke muku naku nauyin. Aikin gwaji yana kaiwa yamma liƙis, bayansa ga rahoton da za a rubuta a daren. Maigidan da ya yarda matarsa ta yi karatu, amma yake jiran tuwo da zafinsa kullum bayan magariba, rabin yarda ya yi. Surukar da ta karɓi goyo ranar gwaji, da ƙanin da ke zuwa ɗaukarta a bakin ƙofar makaranta, da matan unguwar da suka ba ta kwasar adashi a watan rajista, duk suna da hannu a digirin. Ku kuma lura da barcinta da cin abincinta lokacin jarrabawa. Idan kun ga ta fara neman ƙwayar hana barci, ku kawo ta mu yi magana tun da wuri.

Nemo jagorar ba shi da wahala kamar yadda kuke zato. Uwa ko uba na iya raka ta sashensu a makon rajista, a tambayi malamar da ke wurin, a gaisa, a ba ta amanar yarinyar kamar yadda muka saba a al'ada. In hakan bai samu ba, ranar da kuka zo asibiti ku tambaye mu a taga, ko ku leƙa ɗakin gwajin jini da sashen ɗaukar hoto. Yawancinmu mun zauna aji ɗaya da 'yan kemistiri da fiziks a shekarar farko ta jami'a, kuma lambobin wayarsu na nan a hannunmu.